Bangon da Na Bari Aka Juya

Makon jiya wata ɗalibar jami'a ta shigo shagona da waya a hannu. Ta nuna mini bangon littafin waƙoƙinta, ta ce ita ta zana shi cikin minti goma, bugawa kawai take so. Na tambaye ta shafi nawa ne littafin, ta ce ba ta gama rubutawa ba. Na tambaye ta wace takarda za a sa a ciki, ta ce fara. Ban yi mata dariya ba, don ku ma da kuke zuwa koyon aikin nan haka kuke ɗauka, wai bango hoto ne da suna.

Bango takarda guda ce a shimfiɗe. Bayan littafi yana gefe ɗaya, gaba yana ɗaya gefen, ƙashin baya yana tsakiya. Faɗin ƙashin bayan nan ba a cankarsa. Sai ka san yawan shafi da kaurin takarda, ka ninke na gwaji, ka matse, ka auna. In ka kuskure ko da kaurin farce ne, sunan marubuci zai zame ya leƙo gaba. Sai ka bar rara a gefuna huɗu saboda wuƙa, don wuƙa ba ta yanka daidai inda ka so kullum. Kati yana da jijiya kamar itace, in ka yanka shi a karkace da jijiyar, ranar da damina ta sauka bangon zai naɗe kamar ganyen ayaba a kan wuta. Shuɗin da kake gani a fuskar kwamfuta ba shi ne zai fito a inji ba. Haruffa masu ƙayatarwa kuma yawancinsu ba su san ƙa da ɗa da ɓa ba, sai ka buga ka ga akwati a tsakiyar sunan mutum. Duk wannan ana koyonsa, kuma na koya da kyau. Abin da zan ba ku labari shi ne abin da na sani sarai na ƙi faɗa.

Sunana Sabo. A unguwar Majidaɗi a Jalingo aka haife ni. Kakana baduku ne, daga Zariya ya zo, gafakar Alƙur'ani yake ɗinkawa da jar fata. Na yi firamare, na yi allo har na sauke, daga nan mahaifina ya kai ni wurin Oga Balarabe mai maɗaba'a. Tun ranar farko na ɗauka suturta littafi gadona ne, ba wanda zai fi ni.

A watan da na fara, aka kawo Istifanus, Bamumuye daga wajen Iware, tsarana. Tare muka share shago, tare muka wanke tawada daga rolar inji da kananzir, tare Oga ya zage mu ranar da muka bar gam ya bushe a tukunya. Ina kiransa Sarkin Doya don mutanensu manoman doya ne, yana kirana Bazazzagi. Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba, sai ya ce inji ya gaji, takarda ya ƙare. Mun fi shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya.

Aikin da ya fara raba mu wani ɗan littafin lissafi ne na wata makarantar kuɗi. Oga yana sauri, ya ce kowannenmu ya zana bango a takarda a nuna wa shugabar makarantar. Ni na jera lambobi cikin akwatuna, a tsare, babu abin da ya karkace. Istifanus ya zana tarin mangwaro a faifai, uku a nan, biyar a can, da hannun yaro yana ɗaukar ɗaya. Matar ba ta ko ɗaga nawa daga tebur ba. Daga ranar Oga ya zaunar da shi a teburin zane, da aka sayo kwamfuta kuma shi aka tura ya koya. Ni aka bar mini inji da wuƙa da gam.

Kada ku raina wannan ɓangaren. Na iya shi fiye da kowa a layinmu. In littafi mai bangon kwali ne, ni ke ɗinke shafukan da zare kashi-kashi, in buga ƙashin bayan da guduma har ya yi ɗan doro, in yanka kwali uku, in shimfiɗa yadi, in shafa gam ba yawa ba kaɗan, in ninke kusurwa da ɗan ƙashin saniya da na goge da kaina, in sa a matsi ya kwana biyu. Akwai rajistar wata kotu da na yi wa bango tun ina saurayi, har yau tana aiki. Amma ba wanda ke ɗaukar littafi ya ce kai, gam ɗin nan ya kama. Mai littafi zai shigo, ya wuce ni ina tsaye da tawada har gwiwar hannu, ya ce ina mai zanen. A bayan kowane littafi kuma Oga ya yarda a rubuta da ƙananan haruffa wanda ya zana bango. Ni na buga sunan Istifanus da hannuna sau dubbai. Nawa a lokacin bai taɓa hawa kan kati ba.

Na yi ƙananan abubuwa da yawa a shekarun nan. In ya kawo zane sai in ce launin ba zai fito a inji ba, alhali zai fito. Wani lokaci in rage jan tawada don bangon ya ɗan kode. Shi kuwa sai ya zo ya tsaya bayana ya ce, "Bazazzagi, injinka yau bai ci abinci ba ne?" Mu yi dariya, in ƙara tawadar.

Sai shekarar da takarda ta yi tsada. Ba zan manta ta ba. Kati ya ɓace a kasuwa, man janareta ya gagara, makarantu suka koma tura wa iyaye darasi ta waya. Sai mu yi mako inji bai juya ba. Shaguna biyu a layinmu suka rufe, ɗaya ya koma sayar da ruwan leda. A cikin wannan hali Modibbo Usumanu ya zo daga Lau, tsoho, idonsa ya fara rauni, ɗansa Hamman yana riƙe da hannunsa. Ya kawo waƙoƙin wa'azi na mahaifinsa da Fulatanci, cikin ajami, ya kwafe su da hannunsa shafi-shafi. Kwafi ɗari uku yake so, a raba ranar walimar saukar ɗalibansa, saura mako uku.

A raina na ce wannan kam nawa ne. Ni ke karanta ajami, kakana ne mai gafaka. Har na fara tunanin zayyanar da zan kewaye bangon da ita. Sai Modibbo ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan littafin waƙoƙin coci da wani maƙwabcinsa ya ara masa. A bangon akwai kogi da hantsi a kansa. Ya ce shi dai wanda ya yi wannan ruwan yake nema, don mahaifinsa a bakin Binuwai ya yi yawancin waƙoƙin. Oga ya nuna Istifanus. Modibbo ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Ni ya ce mini sannu da aiki.

Washegari Oga ya ba mu katin ƙarshe da ya rage a shago, iya wannan aiki ba ragowa, ya tafi Kaduna neman takarda. Ya ce zai yi kwana goma.

Istifanus ya ɗauki aikin da tsoro. Ya je Lau da kansa ya zauna a bakin kogi yini guda. Da ya dawo ya jawo benci kusa da inji ya tambaye ni abin da bai kamata a sa a littafin malamai ba. Na ce kada ya zana mutum ko dabba. Na ce kada sunan Allah ya zo ƙasa inda hannu ke riƙewa. Ya rubuta duka a bayan wata takarda. Sannan ya ɗago ya ce, "Akwai wani abu kuma, Sabo?"

Na ce babu.

Akwai kuwa, kuma yana bakina a lokacin. Littafin boko in ka shimfiɗa bangonsa, gaba yana dama, baya yana hagu. Littafin ajami daga dama ake fara shi, saboda haka gaba yana hagu, baya yana dama. Duk yaron da ya taɓa riƙe izu ya san ta inda ake buɗewa. Istifanus bai taɓa riƙewa ba, kuma duk bangon da ya yi a rayuwarsa na boko ne.

Zanen da ya yi, ban taɓa ganin irinsa ba kuma ban sake gani ba. Kwale-kwale babu kowa a ciki, ɗaure a gindin bishiya, allo a jingine da saiwa, ruwan kuma kamar ka sa hannu ka ɗebo. Sunan littafin da rubutun hannun Modibbo a sama. Ya ɗora zanen a dama.

Na gani a kwamfuta na yi shiru. Aka fitar da farantin bugu, na ɗaga shi a haske kamar yadda nake yi wa kowane aiki, na sake gani, na ɗaura a inji. Ban rage tawada ba ko kaɗan, na buga shi da kyau ƙwarai, don ina so kuskuren ya zama nasa shi kaɗai. Aka sa leda, na karya layin ninki. Ko a ranar manna bango ina da dama ta ƙarshe, don ina riƙe da cikin littafin ina ganin bisimilla a wannan gefe, hoton kogi a wancan. Na manna ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu ina yi. Abin da na faɗa wa kaina shi ne za a yi masa dariya, Oga ya yi masa faɗa, gobe in an kawo aikin malamai a ce a ba Sabo. Iyakar abin da na hango ke nan.

Modibbo ya dawo ranar Talata da hantsi, shi da Hamman da ɗalibai manya biyu. Oga ya iso daren Litinin, bai buɗe ƙunshin littattafan ba. Istifanus ya sa sabuwar riga. Shi ya miƙa kwafin farko da hannu biyu. Tsohon ya kai shi kusa da ido, ya shafa ruwan da yatsa, ya ce wannan gindin bishiyar ma ya san shi. Sai ya buɗe bangon. Abin da ya tarar shi ne shafin ƙarshe, inda ya rubuta cewa littafi ya cika da addu'a ga mahaifinsa. Ya juya littafin, ya ga bisimilla tana kwance a bayan bangon da ba komai a kansa sai sunan maɗaba'a da sunan wanda ya zana. Ya kifa shi, rubutu ya koma ƙafa a sama. Ya ajiye a cinya.

Istifanus bai gane ba tukuna, yana ta murmushi yana duban fuskokinmu. Oga ne ya fizgi wani kwafi, ya duba, ya zauna a kan ɗaurin takarda.

Modibbo bai kalli Istifanus ba. Ni ya juyo wa. Ya ce, "Ɗana, an ce mini ka sauke. Kai ba ka gani ba?"

Na ce, "Allah ya gafarta Modibbo, wallahi ban lura ba."

Ya ɗan jima yana dubana da idon nan nasa mai hazo. Ba kati a gari, ba lokacin sake bugu. Ya ce a ɗora masa littattafan a mota haka nan.

Abin da ban hango ba shi ne bakin mutane. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan biyu ya tsaya a ƙofar masallacin layinmu bayan azahar ya ce wanda ba ya salla ya juya littafin malam da gangan, ya kuma manna sunansa a kan bisimilla. Kafin Juma'a maganar ta kai kasuwa. Wasu suka zo suka tsaya a ƙofar shago suna leƙe, ba su kuma tafi da wuri ba. Masu makarantun Islamiyya suka zo suka kwashe aikinsu. Kalma ɗaya daga bakina da ta kashe wutar, ko da in ce ya tambaye ni ne ni na manta. Ina jin ana yi, ina goge rola. Oga ya ce wa Istifanus ya je gida ya huta kwana biyu har ƙura ta lafa. Istifanus ya tattara fensirorinsa a leda. A bakin ƙofa ya ce mini in kula da injin, yana yawan zafi ta gefen hagu.

Kwana biyun nan ba su taɓa ƙarewa ba, Istifanus bai dawo ba. Oga ya zaunar da ni a teburin zane. Da ya tsufa ya bar mini shagon. Shekara tara na yi ina zana bango, sunana a baya da ƙananan haruffa. Ba a taɓa dawo mini da aiki don kuskure ba. Ba a kuma taɓa shigowa da wani littafi a aljihu ana neman wanda ya yi shi ba.

Rantsuwar ce ta fara kai ni wurin wani malami a unguwarmu. Na tambaye shi kamar maganar wani ce, ko azumi uku zai wanke ta. Ya ce rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya yake ba ta da kaffara, sai tuba da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Na ƙara shekara guda ina juya wannan amsa kafin na hau mota zuwa Iware ranar kasuwa.

Na same shi a tashar masu doya, a kan tsani, yana zane a bayan wata babbar mota. Ya yi furfura. Damisa yake zanawa tana shan ruwa. Na zo neman gafara ne, amma abin da ya fara zuwa mini da na ɗaga kai shi ne, da fentin gida da burushin gashin akuya ma ya fi ni. Ina faɗa muku ne don ku san ciwon bai warke ba.

Ya sauko, ya ce, "A'a, Bazazzagi, ka yi tumbi." Ya saya mini kunu. Na faɗa masa komai a tsaye, tun daga bencin da ya jawo kusa da inji. Yana goge burushi da tsumma har na gama.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Kai da kake duba faranti sau uku? Ƙuda ma ba ya wuce maka."

Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce wa zai yarda da shi a lokacin. Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce shi nasa mai sauƙi ne, ya yafe tuntuni don ya samu ya yi barci. Amma sunansa ba a hannunsa ya lalace ba, kuma ba a Iware ba. Matarsa har yanzu ba ta son shiga kasuwar Jalingo. Ya ce in ina son gyara, na san inda maganar ta fito. Ya koma kan tsaninsa.

Na je Lau a makon. Modibbo ya rasu shekara huɗu kafin nan, Hamman ke riƙe da makarantar. Na zauna a zaure gaban ɗalibai na sake faɗa. Hamman ya saurara, sannan ya ce a ranar da suka dawo mahaifinsa ya sa aka ɓare bangon duka, aka raba littafin tsirara a walima. Ya tashi ya shiga ciki ya fito da bango guda ɗaya a cikin gilashi, kwale-kwalen nan da allon. Ya ce a ɗakin tsohon yake rataye har ya rasu. Ya ce Modibbo ya kori ɗalibin da ya kai maganar masallaci, kuma ya sha faɗa musu cewa mai zanen bai sani ba, wanda ya sani yana tsaye a wurin. Ya hana su ambaton sunana, ya ce a bar ni in zo da ƙafata.

Hamman ya biyo ni Jalingo ranar Juma'a. Bayan an sallame, liman ya ba ni dama na tsaya a ƙofar masallacin layinmu. Yawancin waɗanda suka tsaya sun san ni tun ina yaro. Na faɗa da Hausa, Hamman ya maimaita da Fulatanci. Wani dattijo da ya kwashe aikinsa a wancan lokaci ya tofar da yawu a gefe ya wuce. Na rasa makarantu biyu a watan, ba su dawo ba har yau.

Istifanus bai dawo Jalingo ba. Amma mutane suka fara bin sa Iware. 'Yarsa ta saya masa kwamfuta, yana zana bango a gida yana turawa ta waya. Wata maɗaba'a a can ƙasan gari yake tura wa, ba ni ba. Ina ganin aikinsa a hannun 'yan makaranta, daga nesa nake gane shi, kuma ba zan ce muku ina jin daɗi duk lokacin da na gani ba.

Cikin azumin bana wayata ta yi ƙara da la'asar. Shi ne. Ya ce Hamman ya kawo masa littafin nan za a sake bugawa, da bangon kwali wannan karon, ya turo mini zanen yanzu in duba. Na buɗe a kwamfuta. Kogin ne, amma ya sake shi, ruwan ya fi na da. Na duba gaba, yana hagu. Na auna ƙashin baya, na duba rarar wuƙa, na duba rarar ninki a kan kwali, na bi rubutun Modibbo harafi-harafi. Sau uku na bi shi. Allah ya sani ina neman ko ɗigo ɗaya ne da zan gyara masa.

Ya sake kira ya ce, "Akwai wani abu?"

Na ce, "Babu, Sarkin Doya. Daidai yake."

Ina jin hayaniyar kaji a bayansa. Sannan ya ce, "To ka buga."